Neman shawara: Chevelle ta 1970 ta ƙi sayuwa a kuɗin da na kashe mata

Baban Hanifa, Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka da shawara, abin ya fara hana ni barci. Ina da Chevrolet Chevelle ta 1970 da na saya tana ruɓewa a bayan gidan wani dattijo. An kwance ta tas, an yanke inda tsatsa ta ci a ƙasan but da bayan tayoyin baya, an yi waldar sabon ƙarfe, an sauke injinta, babban V8 da ake kira 396, an yi masa aiki, giya Muncie mai huɗu, kujeru sababbi. Asalin fentinta kore ne, na mayar da ita ja da baƙaƙen layuka biyu don koren bai kwanta min ba. Rasit duk suna nan, dala 68,000 ban da wahalata. Yanzu uwargida ta matsa a kan maganar gida, kuɗin kafin alƙalami muke nema nan da wata biyu. Na sa ta a Facebook a 75,000, wanda ya fi kowa tayi ya tsaya a 46,000, har yana ce min wai ba SS ba ce, wato Super Sport, samfurin mai ƙarfi da ya fi tsada. Alhali ga tambarin SS a jikinta!

Alhaji na Detroit:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, tambari ai a kanti ake sayensa, kowa na iya liƙawa. A 1970 SS ƙari ne da ake zaɓa a kan Chevelle samfurin Malibu, lambar zaɓin Z25 ga injin 396, Z15 ga injin 454. Lambar VIN, wato lambar shasin mota, ba ta nuna shi, da SS da Malibu mai V8 duk da 13637 suke farawa. Carfax, masu ba da tarihin mota, ma ba za su taimake ka ba, lambarka 13 ce, su kuma mai 17 suke karantawa, wadda aka fara a 1981. Hujja biyu mai saye yake nema. Ta farko takardar haɗa motar daga masana'anta: cire kujerar baya ka duba cikin sifirin, ka sauke tankin mai ka duba samansa, ka leƙa ƙarƙashin kafet. Ta biyu hatimin bulok, wato lambar da aka buga a jikin ƙarfen inji, a gaban injin ta ɓangaren fasinja, daidai gaban kan silinda. Goge shi da tsumma da ɗan fetur, kar ka kusance shi da sanfefa. Ƙarshen lambar VIN ɗinka ya kamata ya fito a wurin. Me ka gani?

Baban Hanifa:
Alhaji, wurin sumul yake. Masu aikin injin sun kankare saman bulok don gasket ya zauna daidai. Dole ce ta sa, saman ya lanƙwashe. Takarda kuma mai kujeru bai ce min ya ga komai ba.

Alhaji na Detroit:
Inna lillahi. To hujjar ta tafi da garin ƙarfe. Ana iya kankare bulok a tsallake wurin hatimi in an gaya musu tun farko. Saura lambar zubi da kwanan watan zubi a bayan bulok, kusa da inda giya take haɗuwa da inji. Idan kwanan ya riga ranar haɗa motar da 'yan makonni, ya nuna injin na lokacin ne, amma bai tabbatar nata ba ne. Kuma kar wani ya ruɗe ka da sake buga lamba, zamba ce. Rubuta a talla cewa babu takardar da ta tabbatar da SS. Tayin 46,000 ba zagi ba ne.

Makaniki Sani, Atlanta:
Ni ban yarda da Alhaji a kan farashi ba. Facebook ce matsalar, can masu "nawa ne ƙarshe" suka taru, su ɓata maka Asabar su tafi ba ko sisi. Kai ta Bring a Trailer, shafin gwanjon motoci a intanet, gwanjon kwana bakwai ne. Ɗora ta a kan lif ka ɗauki hoton ƙasanta, murfin aksul na baya a ga noti 12 irin na SS, farantin bayanai na jikin bangon inji, hotunan lokacin walda, da bidiyon tayar da ita da safe inji na sanyi. Ka bi jikinta da maganaɗisu kafin masu saye su bi, duk inda bai kama ba ciko ne na fila, ka faɗa da bakinka.

Alhaji na Detroit:
Sani, masu sharhi a can cikin awa ɗaya za su tambayi hatimin bulok. Kuma in ba ta kai farashin da Baban Hanifa ya gindaya ba, sakamakon yana nan a intanet da lambar motar, duk mai saye na gaba zai gani. Ya duba Hagerty tukuna, masu ƙiyasta farashin tsofaffin motoci, mataki huɗu na kyan mota suke da shi, ya auna ta a na biyu ko na uku a matsayin Malibu, ba SS ba. Canjin fenti ma yana rage ta a wurin masu son asali.

Baban Hanifa:
Da girmamawa Alhaji, duk wanda ya gan ta jan yake fara yabawa. Kuma dattijon ya rantse min SS ce tun tana sabuwa.

Hajiya Maman Abba, Dallas:
Malam, duk ana ta maganar inji, takardar mallaka da sunan wa take? In har yanzu sunan dattijon ne, ba ka da ikon sayarwa sai ka mayar da ita sunanka da fom 130-U. Bayan ciniki ka sanar da hukumar motoci ta Texas cikin kwana 30, in ba haka ba tarar mai saye kai za ta biyo. Cekin banki kuma na bogi ya yi yawa. Ku je reshen bankin mai saye a fitar da shi a gabanka, ko a turo kuɗin ta waya su zauna kafin makulli ya bar hannunka.

Makaniki Sani:
Ko ya jira Janairu, ya kai ta gwanjon Mecum a Kissimmee ko na Barrett-Jackson a Scottsdale.

Hajiya Maman Abba:
Mutumin da ya ce wata biyu gare shi? Ga kuɗin tirela, ga kamisho.

Baban Hanifa:
Na gode duka, Allah ya saka. Takardar mallaka zan duba, ina jin tana cikin fayil. Amma ƙasa da 70,000 gaskiya ba zan iya ba. Akwai wanda ya san inda dattijon zai rubuta min shaida a buga mata hatimi?

Alhaji na Detroit:
Sauke tankin tukuna.