Lissafin taswirar ƙudan durosofila ya ƙi haɗuwa, a taimaka

Hadiza, Ngawundare: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu aikin gida kan ƙwayoyin gado uku da ke kuromosom X na ƙudan durosofila, ɗan ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace. Gajerun sunayensu su ne cv, ct da v. Cikin 'ya'ya 1000, guda 810 sun fito irin iyaye, 60 sun yi musaya (wato tagwayen kuromosom na uwa sun yi canjin yanki) tsakanin cv da ct, 128 tsakanin ct da v, 2 kuma a wuraren biyu. A taswirar da ke nuna jerinsu, na samu tazarar 6.2 daga cv zuwa ct da 13.0 daga ct zuwa v, jimla 19.2, amma da na auna cv zuwa v kai tsaye sai ga 18.8. Ina 0.4 ta shige? Kuma yaya ake fitar da katsalandan, wato yadda musaya ɗaya ke rage aukuwar wata? Litinin za a karɓa.

Malam Sale, Garwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ta shige ko'ina ba, tana jikin ƙudajen nan biyu. Idan musaya ta faru sau biyu, cv da v sukan koma haɗe yadda suke a jikin uwa, ta tsakiya kaɗai ke sauya wuri. Mai duban gefe da gefe ba zai gan su ba. Ƙirga su sau biyu: 188 (60 da 128) da 4, 192 ke nan. Batun katsalandan kuwa, ninka 0.062 da 0.13 da 1000, za ki ga wajen ƙudaje 8 masu musaya biyu ake tsammani. An samu 2. Raba 2 da 8, 0.25, cire daga 1, saura 0.75. Musaya ɗaya ce ke hana wata aukuwa kusa da ita, abin da masanin gado Muller ya bayyana tun 1916.

Bashir, Marwa: Malam ya gama magana. Ni dai in ƙara: ko malaminku bai faɗi jerin ƙwayoyin gadon ba, nemi rukunin da ya fi ƙaranci ki gwada shi da na iyaye. Wadda ta bambanta ita ce a tsakiya.

Aisha, Injamena: Yaya Bashir, shi uban fa, ba ya shiga lissafi?

Malam Sale: A'a. Namijin durosofila ba ya musayar nan sam, daga uwa ake ƙirgawa. Ke kuma Hadiza, rubuta santimogan a gaban alkalummanki, musaya kashi 1 cikin 100 ita ce santimogan 1. Masu gyaran takarda na yanke maki a kan wannan. Kada ki karaya, Sturtevant ma ɗalibi ne a ɗakin binciken masanin gado Morgan lokacin da ya zana taswirar gado ta farko, wadda ta fito a 1913.

Hadiza: Allah ya saka da alheri Malam. Tambaya ta biyu ta fi wannan, bari in ɗauko hotonta.