Launuka da hotuna wajen haddace der, die da das: ina neman shawara

Ma'aikaciyar jinya, Jidda:

Assalamu alaikum. Wata shida ke nan ina koyon Jamusanci da daddare bayan na tashi daga aiki, domin ina so in kai matakin ƙwarewar harshe na B2 da aka saba nema ga ma'aikatan jinya a Jamus. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne jinsin sunaye, inda cokali namiji ne, cokali mai yatsu mace, wuƙa kuwa ba namiji ba mace: der Löffel, die Gabel, das Messer. Na yanka kwali na shafa launuka bakwai, uku na jinsi, huɗu na halayen suna (wato sauyin da suna yake yi gwargwadon aikinsa a jimla), amma da na baza su a kan darduma sai kaina ya ɗaure. Yaya ya kamata in tsara su, kuma a ina zan sami hotunan da zan liƙa?

Malamin nahawu, Madina:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ɗora wa launi kayan da ya fi ƙarfinsa. Ki bar masa jinsi kawai, kamar yadda littattafan koyarwa da yawa suke yi: shuɗi ga der, ja ga die, kore ga das. Halayen suna kuwa ki nuna su da layi, Nominativ a sama, Akkusativ a ƙarƙashinsa, sannan Dativ, sannan Genitiv. Wanda ya yi nahawun Larabci ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san marfu'i da mansubi da majruri, sai dai a Jamusanci sauyin ya fi bayyana a ƙaramar kalmar da ke zuwa kafin suna, irin su der, die da das.

Amfanin wannan tsari zai fito miki a layi na uku, inda die take komawa der. Ɗalibi yakan ga der Frau ya ɗauka mace ta zama namiji, amma idan katin ja ne kuma yana layin Dativ, ido zai warware rikicin tun kafin a tsaya tunani. Ki kuma ja layi ƙarƙashin ƙarshen kalma, saboda sunaye masu -ung da -heit da -keit duk mata ne, masu ɗafin -chen kuwa das suke ɗauka, shi ya sa yarinya ta zama das Mädchen. Rana da wata dai sun yi mana adalci: die Sonne mace ce, der Mond namiji, daidai da Hausa da Larabci.

Mai aikin ɗab'i, Makka:

Malam ya gama magana kan launi, sai dai ina ƙara cewa a ɗora alama a kusurwar kati, da'ira ko murabba'i, domin akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore. Game da hotuna, Anti, ki fara da rumbun hotuna na intanet mai suna Wikimedia Commons, inda a 2008 ma'ajiyar tarihin tarayyar Jamus ta saka hotuna kusan 100,000. Akwai kuma Europeana da Deutsche Digitale Bibliothek, waɗanda suka tattara kayan gidajen tarihi da ɗakunan karatu. Ki rubuta kalmar nema da Jamusanci, domin bayanin da ke ƙarƙashin hoton shi ma darasi ne, kuma ki duba sharaɗin amfani kafin ki raba wa wasu. Ki zaɓi hoton da abu ɗaya tak ya cika shi, saboda hoton kasuwa mai cunkoso ba zai gaya miki wace kalma ake nufi ba.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda:

Allah ya saka da alheri. Na sake yanka katunan da launuka uku, na fara da kayan aikinmu: die Spritze (sirinji) ja, das Bett (gado) kore, der Verband (bandeji) shuɗi. Malam, saura kalmomi tara irin su "in" (a cikin) da "auf" (a kan), masu ɗaukar Akkusativ wani lokaci, Dativ wani lokaci. Ko kibiya za ta wadatar wajen nuna inda aka dosa, ɗigo kuma inda ake?