Na karɓi ƙungiya a lig ɗin hoki na kwamfuta, kuɗin albashi saura kaɗan, wa zan fara sa wa hannu?

SabonManaja:

Aslm jama'a, don Allah masu buga lig ɗin hokin ƙanƙara na kwamfuta ku zo ku fitar da ni. Wani abokina da ke karatu a Winnipeg ta Kanada ne ya jawo ni wani lig mai ƙungiya 32, da manhajar STHS ake buga wasannin, kwamishina ne ke danna wasa kullum da dare, mu namu kawai tura layukan 'yan wasa da ciniki. Ƙungiyar da aka ba ni mai ita ya gudu ya bar ta ana tsakiyar kaka, kuma yanzu da na buɗe shafin kuɗi na gane abin da ya kore shi.

Dokokinmu na NHL ne kusan duka, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, iyakar albashin ƙungiya gaba ɗaya dala miliyan 88 irin ta kakar 2024-25. Ina da mutum 19 masu kwantiragi a babbar ƙungiya, abin da ya rage min miliyan 9. Akwai difenda ɗan shekara 23, RFA ne, wato kwantiraginsa ya ƙare amma haƙƙinsa na hannuna, ejen ɗin lig ya ce zai nemi wajen miliyan 4.5. Akwai kuma santa na layin farko ɗan shekara 31, shi UFA ne, wato yana da 'yancin zuwa duk ƙungiyar da ya ga dama, yana son shekara 6 a kan miliyan 7, shi ne ya fi kowa maki a ƙungiyar kuma in na bar shi ya shiga kasuwa wlh ba zan sake ganinsa ba. Sannan ga wani tsohon ɗan gefe ɗan shekara 34 da wancan bawan Allah ya ɗaura wa miliyan 6, saura shekara 2, ko a layi na huɗu da ƙyar yake tafiya. Sati mai zuwa za a buɗe tayin kasuwa. Ni a ƙwallon ƙafa na saba, ka sayar da wanda ba ka so ka karɓi kuɗi ka sayo wani, nan kuma an ce babu wannan. Ya zan yi?

Dan_Edmonton:

Wslm ɗan uwa, barka da shigowa wahala. Kafin komai ɗauko kalkuleta, don miliyan 9 ɗin nan ba 9 ba ce. Dole ka fito da mutum 20 kowane wasa, 18 da gola biyu, kuma ana barin ka riƙe har 23. Kowane gurbi da za ka cike ko da wanda ba a san sunansa ba ne zai ci dala 775,000, wato mafi ƙarancin albashi na kakar 2024-25. Ka ga 4.5 da 7 sun riga sun kai 11.5, tun ba a je ko'ina ba ka wuce iyaka.

Ni dai shawarata yaron nan difenda shi ne farko, yau ɗin nan ma ka tabbata ka tura masa tayin riƙe haƙƙi kafin ranar da kwamishina ya sa, in ka manta ya zama ɗan kasuwa kyauta kowa ya ɗauka. Kuma kar ka ce ai RFA ne ba inda za shi bari na gama da santa tukuna. A nan garin da nake zaune aka yi mana haka muna kallo. 2024 Oilers, ƙungiyar Edmonton, sun je wasan ƙarshe na Kofin Stanley, Florida ta cinye su a wasa na 7, ranar 1 ga Yuli suka ruga kasuwa suka ɗauko Viktor Arvidsson da Jeff Skinner, suka bar yaransu biyu Philip Broberg da Dylan Holloway ba kwantiragi. A watan Agusta St. Louis ta aika wa yaran takardar tayi rana ɗaya, irin wadda ake kai wa RFA na wata ƙungiya, Broberg wajen miliyan 4.58 Holloway wajen 2.29, kowanne shekara 2. Kwana 7 aka ba Edmonton ta biya daidai wannan ko ta saki, kuɗi babu, ta saki, aka ba ta zaɓin dirafti, wato damar zaɓar sababbin matasan 'yan wasa, na zagaye na 2 da na 3 diyya. St. Louis fa sai da ta je ta karɓo zaɓinta na zagaye na 2 daga hannun Pittsburgh don ta samu damar yin wannan aika-aikar, wato an daɗe ana lissafa su. Manajojin lig ɗin kwamfuta kuwa sun fi na gaske rashin kunya, a NHL ana jin nauyin juna shi ya sa ba a cika yi ba, a namu duk wanda ya ga shafinka ya matse zai kai maka.

Shi kuma santa, shekara 6 ga ɗan 31 a'a. Je ka duba waɗanda suka sa hannu ranar 1 ga Yulin 2016, Milan Lucic shekara 7 miliyan 42 a Edmonton, Loui Eriksson shekara 6 miliyan 36 a Vancouver, Andrew Ladd shekara 7 a Islanders, duka sai da ƙungiyoyin suka koma neman wanda zai karɓe musu kayan.

Layi_Na_Hudu:

Oga Dan_Edmonton na ji ka amma ba na tare da kai duka. Kana kawo labarin mutane masu gwiwa da ƙugu, shi kuma lambobi yake wasa da su. Tambayar da ya kamata a yi masa ita ce, a lig ɗinku ta yaya ake sabunta ƙimar 'yan wasa ƙarshen kaka? In da abin da mutum ya yi a NHL ta gaske ake bi to eh tsufa zai kama shi. In kuma injin ne ke yi da kansa to sai ka nemi tsofaffin fayil na shekarun baya ka ga a wace shekara SK da EN, wato ƙimar gudu da ta juriya, suke fara zubewa, wani lig ɗin sai ɗan wasa ya kai 35 yana nan daram. Da tsohuwar zuma ake magani malam, santa na layin farko ba a tsintar shi a hanya, difenda mai matsakaicin kyau kuwa duk shekara suna nan a kasuwa.

Kuma SabonManaja kar OV, wato jimillar ƙimar ɗan wasa, ta ruɗe ka, ita ce kowa ke kallo shi ya sa masu babbar OV suke tsada. Buɗe PA da SC da DF da FO ka gani, wato ƙimar fasin da cin gol da tsaron baya da fara wasa. Na sha ɗaukar mutum mai OV ƙasa wanda DF ɗinsa ta yi sama a kuɗin banza na sa shi kashe fanareti, wato tsare gida lokacin da aka fitar mana da mutum na ɗan lokaci, ya yi min aikin mai miliyan 3.

Kwamishina_Mace:

Sannunku. Ni ina riƙe da wani ƙaramin lig ne, bari na yi magana a kan tsohon nan mai miliyan 6 tunda duk kun tsallake shi alhali shi ne ƙashin bayan matsalar.

Hanya uku ce in dai dokar NHL kuke bi. Ka tura shi ƙaramar ƙungiya, to ba ka huta ba, a lissafin kakar 2024-25 miliyan 1.15 kawai za a sauke maka sauran na nan a wuyanka. Ko ka biya shi ka sallame shi, wanda ya kai shekara 26 ana biyan kashi biyu cikin uku na abin da ya rage a baza a kan ninkin shekarun, wato miliyan 12 ta koma 8 a shekara 4, miliyan 2 duk shekara. Bana da baɗi ka samu sararin miliyan 4, amma shekara biyun da ke biye kana biyan wanda ba ya ma cikin ƙungiyarka. Minnesota ta yi haka da Zach Parise da Ryan Suter a 2021, a kakar 2023-24 da ta bayanta kusan miliyan 15 na albashinsu mataccen kuɗi ne, suna kallon 'yan wasa na wucewa a kasuwa ba halin taya. Ta uku, wadda ni ita zan bi, ka nemi ƙungiyar da ke sake gini mai sarari da yawa, ka riƙe rabin albashin (rabi ne iyaka) ka haɗa musu da zaɓin dirafti su karɓe shi. Miliyan 3 sau biyu an gama, ba a bin ka bashi shekara ta uku.

Amma ko ka sallame shi lissafin bai fita ba fa ƙanina. Tara da huɗu 13, ka cire 11.5 saura 1.5, mutum 20 cif a hannunka, ka ƙara ɗaya saura dubu 725, ranar da biyu suka ji rauni a wasa ɗaya ba ka da kuɗin kiran kowa daga ƙasa, ni kuma a matsayin kwamishina ba ruwana tara zan ci ka. Ka tambayi naku ko akwai rangwamen masu doguwar jinya, wato a bar ka ka wuce iyaka saboda wanda ke jinya, lig da yawa sun cire shi tun abin da Tampa ta yi da Kucherov a 2021, da ya zauna duk kakar yana jinya ya dawo daidai wasannin kofi, waɗanda a wancan lokacin ba a lissafa musu iyaka.

SabonManaja:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya na tambaya, babu rangwamen jinya, kuma ƙima da NHL ta gaske ake sabuntawa duk bazara. Na tura wa yaron tayin riƙe haƙƙi yanzun nan. Wani manaja ya ce zai karɓi tsohon in na riƙe rabi amma zaɓin zagaye na 1 yake so, ni kuma ƙungiyar nan ta 24 ta ƙare a tebur. Wani abu kuma, tayin kasuwa ƙarfe 12 na dare agogon Toronto yake rufewa, biyar na asuba ke nan a Kano, an ce a mintin ƙarshe ake ƙara kuɗi.

Dan_Edmonton:

Zagaye na 1 ga ƙungiyar da ta ƙare ta 24? Ka ce masa ya kai kasuwa. Wannan zaɓin yaro ne mai arha na shekara 3 a kwantiragin farko, irinsu ne ke sa lissafi ya fita. Ka taya masa na 3, in ya matsa na 2, in ya ƙi ka bar tsohon ya zauna a benci ya cinye shekara ɗaya, baɗi saura shekara guda kowa zai karɓa da sauƙi. Tunda kuma da NHL ta gaske ake bi to Layi_Na_Hudu sai haƙuri, santan nan ka ba shi shekara 2 ko 3 ko da kuɗin ya ɗan hau, in ejen ya ƙi kuma dokarku ta yarda ka sayar da haƙƙin tattaunawa da shi kafin a buɗe kasuwa ka samu ko zaɓi ɗaya ne. Yaron kuma in zai yarda da doguwa ka ba shi doguwa, iyakar albashi hawa take, daga 88 ta koma 95.5 a 2025-26, 4.5 ɗin da ke maka nauyi yau nan da shekara uku kuɗin difenda na biyar ne.

Batun asuba kuma duba dokarku da kyau, wasu lig in aka ƙara tayi agogo komawa yake awa 24, in haka ne ba ka da dalilin hana idonka barci. In ba haka ba ne ka rubuta iyakar kuɗinka a takarda tun da rana, ka idar da sallah ka shiga ka sa.

Layi_Na_Hudu:

To na sauka a kan shekara 6 ɗin, amma ku rubuta ku ajiye, in ya saki santan nan zai ƙare ta 30 baɗi. SabonManaja turo min sunan ƙungiyarka ta inbos, ina da abokin da ke lig ɗinku yana neman santa, wataƙila ya ba ka na zagaye na 2.