Neman Shawara: Hita Tana Huce Ruwa Kafin Asuba

Maman 'yan biyu, Jos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hita muke da ita mai lita 50, an kafa ta a bangon waje ta bayan banɗaki. Wuta takan zo da yamma, ruwa ya yi zafi, a ɗauke wajen ƙarfe goma na dare. Da asuba in zan yi wa yara wankan makaranta sai in tarar ya koma ɗumi-ɗumi, ga sanyin Janairu. Haka duk hita take, ko tawa ce ta lalace? Maigida na cewa mu canza sabuwa.

Wani malamin kimiyya, Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kowane tanki yana zubar da zafi ko ba a taɓa shi ba, amma a hankali. Hita mai lita 50 da soson cikinta mai riƙe zafi ke da kyau takan yi asarar kusan yunit 1 na lantarki a awa 24. A ruwa lita 50, yunit 1 daidai yake da digiri 17. Ke nan daga goma na dare zuwa asuba bai kamata ya sauka fiye da digiri 6 ko 7 ba. In ya kai 60 da dare, ki same shi sama da 50, wanda sai an sirka. Naki ya wuce haka, akwai wani dalili.

Mai aikin famfo, Bukuru: Hajiya, kada ku saya tukuna. Tambayata: ana ɗibar ruwan bayan an ɗauke wuta? Duk bokitin da ya fita, na sanyi ne ke shiga ya maye gurbinsa. A ɗebi lita 15, ruwan tankin sama mai digiri 15 ya shigo, kafin safe sun gauraye sun koma wajen 46. Kan famfo mai ɗiga ma haka yake yi duk dare, ba a lura. Ki gwada wannan: in ruwa ya yi zafi ki kashe makunnin hitar, ki rufe bawul ɗin da ke shigar da ruwan sanyi, da asuba ki buɗe ki tara. In ya fito da zafi, tankin lafiyarsa ƙalau. Kada dai a kunna ta bawul yana rufe.

Maman 'yan biyu: Gaskiya akan ɗebi na wanke-wanke da na alwala da dare.

Mai aikin famfo: To ga rabin matsalar nan. Sauran kuma wurin da aka kafa ta. Iskar hunturu na dukanta har safe, bututun da ke fita daga cikinta tsirara yake, yana jan zafi. A naɗe shi da soson bututu irin na masu AC, a yi wa tankin rumfa ta katako, amma kada a toshe bawul ɗin da ke fitar da ruwa in matsi ya yi yawa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Yaya, a bar ma'aunin zafin hitar a kan digiri 60, kada a rage don tsimin yunit. Ruwan da ya daɗe tsakanin digiri 25 da 45 yana raya ƙwayar Legionella mai kama huhu. Kuma ki riƙa taɓa ruwan da hannunki kafin ki zuba wa yaran.