Luther "mai gaskiya" ne? Yadda zaure ya hargitse kan fim ɗin Idris Elba

Ɗan Gwaggo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi raina a ɓace yake, kuma sai na amayar ko da babu mai tanka mini. Jiya da daddare na zauna na kalli Luther: The Fallen Sun, wanda ya fito a 2023. Sama da awa biyu, data ta ƙare, caji ya ƙare, ban tsinci komai ba. John Luther, ɗan sandan da Idris Elba ke fitowa a matsayinsa, mutumin da muka bi tun 2010 a BBC, zango biyar, kashi 20 cif, yana yawo a lungunan Landan da kwat ɗinsa mai ruwan toka da jan nektai, yana kama mugu da ƙwaƙwalwa, shi aka mayar ɗan dambe. Ya fasa kurkuku, ya yi kokawa a tsohuwar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ƙare cikin dusar ƙanƙara a Norway. To ina binciken? Tun a farkon fim an nuna mana fuskar bos, David Robey, mun san shi, mun san aikinsa. Sun ɗauki ɗan sanda mai gaskiya sun mayar da shi James Bond na gwanjo. Kuɗi ne ya yi yawa aka rasa yadda za a yi da shi. Wanda bai yarda ba ya zo mu yi.

Baban Khairat: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna ƙanena. Wa ka kira mai gaskiya? John Luther?

Ɗan Gwaggo: Shi fa, Yaya. Amma ba wannan ce maganata ba, ina magana ne kan yadda aka ɓata fim.

Baban Khairat: A'a, ai ba za mu wuce nan ba. Kashi na farko na zangon farko, kafin a yi minti goma, me ya faru? Ya kora Henry Madsen cikin wata tsohuwar masana'anta, mutumin yana reto a sama da yatsunsa, yana roƙo. Luther ya tsaya a kansa har ya faɗi inda ya ɓoye yarinyar, sannan ya zuba masa ido ya faɗo. Bai miƙa masa hannu ba. Da wannan aka gabatar mana da shi. Shi ne mai gaskiyar taka?

Maman Ilham: Madsen ɗin da ke sace yara yana kashewa? Baban Khairat, da 'yarka ce aka binne da rai a wani wuri iska na ƙare mata, wallahi da kanka za ka taka masa yatsu. Ku daina kawo mana dogon Turanci.

Baban Khairat: Hajiya, ni uba ne, shi ɗan sanda ne. Albashin da ake ba shi na ya kai mutum gaban alƙali ne.

Barista na Zaure: Ina goyon bayan Yaya a nan. A fagen shari'a, abin da aka tatsa daga bakin mutum yana rataye a sama, lauyan da ya san aikinsa zai yi fatali da shi a kotu. Kuma kada ku manta, cikin shirin kansa an yi ta binciken Luther. A zango na uku ai George Stark da Erin Gray aikinsu kenan, su tono laifukansa. Marubucin bai taɓa cewa mutumin nan tsarkakakke ba ne.

Sarkin Yaƙi: Barista, yaushe aka rantsar da kai lauya ne? Mu dai mun san kana aji uku tun bara waccan.

Barista na Zaure: Yajin aiki ne ya riƙe ni, ba faɗuwa ba. Kai da ka gama me ka tsinana?

Oga Admin: A kiyaye harshe don Allah.

Maman Ilham: Ni tambayata ɗaya. Ya taɓa karɓar cin hanci? Ya taɓa tare hanya ya ce a ba shi na shayi? Motarsa tsohuwar Volvo ce, gidansa ko labulen kirki babu. Mutumin da bai ci kuɗin kowa ba, in ba mai gaskiya ba, mene ne shi?

Baban Khairat: Wato ke a wurinki gaskiya ta tsaya kan kuɗi kawai. To Alice Morgan fa? Ta kashe uwarta da ubanta, ta haɗa da karen gidan, ta ɓoye bindigar cikin gawar karen aka ƙone. Luther ya gane ita ce tun a ɗakin tambayoyi, da ya yi hamma da gangan ita ba ta yi ba. Ya sani sarai. Daga baya me ya zama? Aminiyarsa. Ita ta je asibiti ta ƙarasa Madsen, ita ta harbe abokin aikinsa Ian Reed a ƙarshen zangon farko Luther yana tsaye. Har taimaka mata ya yi ta tsere daga inda aka tsare ta. Ɗan sanda yana abota da mai kisan iyaye, ku ce mini mai gaskiya.

Anti Zee: Kai jama'a! Ni yanzu na fara zango na ɗaya, kashi na biyu nake. Kun tona mini komai. Allah ya isa ban ce ba, amma kun cuce ni.

Sarkin Yaƙi: Anti, shirin 2010 ne fa. Yaron da aka haifa shekarar ya shiga sakandare. Sai mu yi ta rufa miki asiri har yaushe?

Anti Zee: Ba da kai nake ba. Kai ne ka ɓata mini fim ɗin Indiyan nan ma kwanaki, ban manta ba.

Ɗan Gwaggo: Jama'a ku dawo kan fim ɗin mana. Na ce babu bincike a ciki. Ku dubi wajen Piccadilly Circus, mutane suna faɗowa daga saman gine-gine lokaci guda, motoci suna karo, wuta na tashi, a tsakiyar Landan, kuma bos ya sulale ya tafi abinsa. Hankali zai ɗauka?

Malam Na-Allah: Ni wajen nan ne ma ya fi tsorata ni, Ɗan Gwaggo. Robey bai turo kowa da hannunsa ba. Yana da ma'aikata da ke zaune gaban kwamfutoci suna saurare ta wayoyi da kyamarori da na'urorin cikin gida, suna tara abin kunyar mutane. Sai ya kira ka ya ce ko ka yi abin da na ce, ko matarka da abokan aikinka su gani. Da haka ya jawo wani matashi, Callum, ya fito cikin dare ya sace shi, da haka ya riƙe ɗan sandan da ke aiki da Odette Raine, shugabar binciken, yana kai masa rahoto. Mutum ya gwammace ya mutu da a ga abin da ke cikin wayarsa. Duk wanda ya taɓa jin labarin yadda ake yi wa 'yan mata barazana da hotunansu ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

Baban Khairat: Madalla Malam, ka kawo mini hujja ba ka sani ba. Da me Robey ya jefa Luther kurkuku? Ƙarya ya ƙaga masa? A'a. Tono abubuwan da ya aikata da gaske ya yi, ya watsa wa duniya, kotu ta ɗaure shi. Da mai gaskiya ne da an tona ba a sami komai ba.

Maman Ilham: To ai duk da haka shi kaɗai ne bai ji tsoron tonon asirin ba. Kowa ya durƙusa wa Robey, shi ya fasa kurkuku saboda alkawarin da ya yi wa uwar Callum. Mai cika alkawari ai mai gaskiya ne.

Barista na Zaure: Mai cika alkawari daban, mai bin doka daban, mai gaskiya daban. Ɗan fashi ma yana cika wa yaransa alkawari.

Maman Ilham: Yanzu Idris Elba kake kira ɗan fashi? Ɗan'uwanmu ɗan Najeriya da ya ɗaga mu a duniya?

Alhaji Kumasi: Hajiya, a yi hattara. Idris ba ɗan Najeriya ba ne. A Hackney ta Landan aka haife shi a 1972, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Ghana. Namu ne. Komai mai kyau sai ku ce naku ne.

Sarkin Yaƙi: Alhaji, in rabo za a yi, Saliyo ce ke da shi, ɗa na uba ne. Ku dai kun samu ɗan 'yar'uwa. Mu kuma muna da Cynthia Erivo, wadda ta fito a Odette Raine, iyayenta 'yan Najeriya ne. Kuma ita ce shugabar binciken a fim ɗin, ita ke farautar naku ɗin.

Alhaji Kumasi: Ta kama shi? Ƙarshe ba shi ta bi har Norway don a ceto 'yarta ba? Kamar dai jalof, ku yi ta surutu, a ƙarshe namu ake ci.

Sarkin Yaƙi: Jalof ɗin da kuke yi da shinkafa mai ƙamshin turare? Allah ya kiyaye.

Oga Admin: Maganar jalof an hana ta a zauren nan tun azumin bara. Na ƙara gani zan cire mutum.

Ɗan Gwaggo: Ikon Allah. Na kawo kukan fim, an koma shinkafa.

Ustaz Ba Wasa: Ni duk ban ga abin jayayya ba. Mutum ba ya salla, yana keɓewa da matar da ba muharramarsa ba, ku zauna kuna auna gaskiyarsa. Lokacin da kuka ɓata a kan kashi 20 ɗin nan da kun sauke izu nawa?

Anti Zee: Ustaz, ya aka yi ka san yana keɓewa da ita in ba ka kalla ba?

Sarkin Yaƙi: Anti ta gama da Ustaz. A kawo ruwa.

Ustaz Ba Wasa: Ƙanena ne ke kallo a falo, ni wucewa nake yi.

Malam Na-Allah: Bari in ɗan taimaki Ɗan Gwaggo, don an bar shi shi kaɗai. Zancen Bond da ya yi yana da tushe. Shekaru ana ta raɗe-raɗin Idris zai gaji Daniel Craig a rawar Bond, kuma a fim ɗin akwai inda mai sayar da abin sha ya yi masa tayin martini, abin shan Bond, ya ce ba ya so. Tsokana ce da gangan. A ƙarshe kuma, bayan Robey ya nutse cikin mota a tafkin ƙanƙara, maimakon a mayar da Luther kurkuku sai ga manyan jami'ai cikin baƙaƙen motoci, wai shugaba na son magana da shi. Amma kuskurenka ɗaya: nuna mugu tun farko ba sabon abu ba ne. Neil Cross, wanda ya rubuta shirin kuma ya rubuta fim ɗin, ya ce daga Sherlock Holmes da Columbo ya ɗauko Luther, kuma salon Columbo kenan, ka san mai laifi, abin kallo shi ne yadda za a kama shi. Darakta ma Jamie Payne ne, wanda ya yi zango na biyar. Ba baƙi aka kawo suka ɓata ba, masu abin ne da kansu.

Ɗan Gwaggo: To masu abin sun ɓata abinsu. Kuma babu Alice. Luther ba Alice ai lami ne.

Baban Khairat: Ka gani! Kai da bakinka kana kewar mai kisan kai, kuma kana kiran abokinta mai gaskiya.

Sarkin Yaƙi: Ni abin da ya hana ni ɗaukar bos ɗin da muhimmanci gashinsa ne. Andy Serkis, mutumin da ya yi Gollum a Lord of the Rings, aka ɗora masa wannan tulin gashi. Duk inda ya fito dariya nake.

Maman Ilham: Ku dai ku faɗi gaskiya, baƙin ciki kuke yi da Idris. Ya ci Golden Globe a 2012 da wannan rawar. Waye a cikinku ya ci ko kofin unguwa?

Sarkin Yaƙi: Hajiya, ɗan Arsenal ne fa. A shekarar da fim ɗin ya fito suka yi wata da watanni a saman tebur, Man City ta zo ta ɗauke kofin. Shi ya sa fim ɗin ma ya fara da kyau ya ƙare a ruwa.

Oga Admin: Sarkin Yaƙi, kakar 2003/04 an buga wasa 38 ba a doke mu ko sau ɗaya ba. Ka kawo ƙungiyarka da ta yi haka.

Sarkin Yaƙi: Oga, ashe ciwon na nan.

Barista na Zaure: Mu koma kan kalmar. Ni shawarata a ce "mai kishin adalci", a bar "mai gaskiya".

Maman Ilham: Ba a canza komai. Mai gaskiya.

Baban Khairat: Mutanen da suka mutu saboda shi fa? Matarsa Zoe, yaronsa Justin Ripley, Benny mai kwamfuta. Duk wanda ya raɓe shi sai an yi jana'izarsa.

Anti Zee: RIPLEY MA MUTUWA ZAI YI? Na fita daga zauren nan.

Oga Admin: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, mafi rinjayen zaure sun amince Luther mutum ne mai gaskiya wanda yanayi ke tilasta wa taka doka, kamar yadda Hajiya Maman Ilham ta yi bayani mai gamsarwa. Baban Khairat ya kawo wasu 'yan misalai, amma duk tsofaffi ne daga zangon farko. Na biyu, an tabbatar Idris Elba gwarzo ne, ya ci Golden Globe, kuma ya iya zaɓen ƙungiya. Na uku, ƙorafin Ɗan Gwaggo na data ne da caji, wannan kuma ba laifin fim ba ne. Sarkin Yaƙi na dakatar da shi kwana biyu saboda maganar jalof. Anti Zee a yi haƙuri a dawo.

Baban Khairat: Wane rinjaye? Hajiya ce kaɗai, sai kai da ba ka ce komai ba sai yanzu. Kuma Stark da Ripley zango na uku ne, Benny na biyar.

Alhaji Kumasi: Oga, ni na fara zancen jalof fa, ba shi ba.

Oga Admin: An rufe. Daga yanzu admin kaɗai ke iya turo saƙo sai da safe.