Zan je Hanoi ni kaɗai: waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka tarar?

Ɗaliba daga Kaduna: Assalamu alaikum jama'a. Akwai taron da zan halarta a Hanoi, babban birnin Biyetnam, idan an tashi zan ƙara 'yan kwanaki ni kaɗai in ga gari. Babbar damuwata abinci: me Musulma za ta ci a can? Sai kuma wuraren da suka cancanci a leƙa. Don Allah wanda ya je ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Ɗan kasuwa daga Kano: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki nemi masauki a Tsohuwar Unguwa, kusa da tafkin Hoan Kiem. Layukanta 36 ake cewa, kowanne da sunan hajar da aka san shi da ita, kamar yadda Kasuwar Kurmi take da 'yan kaza da 'yan kaza. Hang Bac layin maƙeran azurfa ne, har yau akwai su. A layin Hang Luoc masallacin Al-Noor yake, shi kaɗai ne a garin, fataken Indiya suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19. Can na yi Juma'a tare da 'yan Malesiya da Indonesiya da Pakistan, kuma su suka nuna min inda ake sayar da naman halal. Ki yi hattara, naman alade ya yi yawa a girkinsu. Bun cha ɗin da Obama ya ci a 2016, wanda kowa zai ce ki ɗanɗana, alade ne gasasshe. Burodinsu banh mi ma sau da yawa hantar alade ake shafa masa.

Malama mai koyarwa a Malesiya: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ƙanwata kada hankalinki ya tashi. Ni ma ni kaɗai na je, ban kwana da yunwa ba. Ki riƙa duba allon da aka rubuta "chay", gidajen abinci ne na mabiya Buddha, ba nama ko kaɗan. A nan na sha pho, taliyar shinkafa cikin romo mai ƙamshin citta da kirfa, da romon ganye da naman kaza na daji. Daga baya na samu na naman sa a gidan halal, wallahi ya fi, don ƙashi ake dafawa sa'o'i da yawa har romon ya yi garau. Akwai kuma cha ca, kifi da kurkum da ganyen dil, a gabanki ake soya shi. Sai dai ki tambaya da wane mai, wasu da kitsen alade suke yi. Ki sa mai masauki ya rubuta miki tambayar da yarensu a takarda. Kofin ƙwai kuwa, wato gahawar da ake haɗawa da ƙwai, kar ki bari ya wuce ki. A 1946 madara ta yi wuya, wani ma'aikacin otal, Nguyen Van Giang, ya kaɗa gwaiduwa da sukari a madadinta. Gidan kofinsa na nan har yanzu.

Injiniya daga Jos: Hajiya da Alhaji, kun cika ta da zancen ciki. 'Yar'uwa, ki je kurkukun Hoa Lo. Faransawa suka gina shi a 1896 don tsare masu neman 'yanci. Na tsaya gaban injin fille kai, na ga ɗakunan da ake ɗaure ƙafafun fursunoni da mari a jere kan dakali, jikina ya yi sanyi. Daga baya, lokacin yaƙin Biyetnam, a nan aka tsare matuƙan jiragen Amurka, har da John McCain, wanda ya zo ya zama sanata, da aka kakkaɓo jirginsa a 1967. Amma abin da ya fi tsaya min a rai Van Mieu ne, haikalin ilimi na 1070, inda aka buɗe makarantar koli a 1076. Akwai allunan dutse 82 a bayan kunkuru na dutse, an sassaƙa sunayen waɗanda suka ci jarrabawar fada. Ke da kike ɗaliba, ya kamata ki ga yadda mutanen nan suka daraja karatu.

Ɗan Damagaram: Ni tarihin kakana ne ya kai ni. Yana cikin sojojin da Faransa ta kwasa daga ƙasashenmu ta kai yaƙin Indocin (yankin Biyetnam da maƙwabtanta), wanda ya ƙare da kayen da ta sha a Dien Bien Phu a 1954. Na je dandalin Ba Dinh inda jagoransu Ho Chi Minh ya ayyana 'yancin Biyetnam ranar 2 ga Satumba 1945, na taka gadar Long Bien da aka gama a 1902, ina ta tunanin ko tsohon ya bi ta kanta. An kai shi yaƙar mutanen da ciwonsu ɗaya da namu. Idan za ki shiga inda aka ajiye gawar Ho Chi Minh, da safe ake buɗewa, ba a hoto, ba a magana.

Ɗaliba daga Kaduna: Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan kaka. Malama, ya batun hijabi da yawo ni kaɗai?

Malama mai koyarwa a Malesiya: Za a kalle ki, wasu su nemi hoto da ke, amma ba wanda ya tsangwame ni. Babura ne abin tsoro. In za ki tsallaka titi ki tafi a hankali, kar ki ruga, kar ki ja da baya, su za su kauce miki. Ki kira abin hawa ta manhajar waya ta Grab don kuɗin a rubuce yake. Kuɗinsu dong ake ce masa, ki lura da takardar 20,000 da ta 500,000, launinsu ya yi kama. Daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi ana rufe titunan bakin tafkin ga ababen hawa, iyalai su fito da yara, lokacin na fi sakewa da fita da daddare.