Yaushe ya dace a rubuta mataki na biyu na USMLE kafin neman gurbin horon ƙwarewa a Amurka?

Likita mai bautar ƙasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa likitoci. Ina roƙon waɗanda suka riga mu bin wannan hanya su faɗa mana yadda suka tsara lokacin rubuta mataki na biyu na USMLE, jarrabawar samun lasisin aikin likita a Amurka, wato Step 2 CK, dangane da lokacin tura takardun neman gurbin horon ƙwarewa a Amurka. Na ci mataki na ɗaya, ina cikin bautar ƙasa, kuma shawarwarin da nake samu sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa lallai in rubuta kafin watan Agusta ko da shirina bai gama nuna ba, wasu kuma suna cewa in tura takarduna a Satumba babu sakamako, in rubuta a Oktoba bayan na shirya sosai. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya faru da shi da kansa, ko abin da ya gani da idonsa.

Likitan cututtukan ciki, a shekara ta biyu ta horo

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ni daga baya na fara lissafina, wato daga ranar da asibitocin horo suke buɗe takardun masu nema, na dinga komowa har na iso ranar da ya kamata in zauna jarrabawa. Manhajar ERAS, wadda ta cikinta ake tura takardu zuwa yawancin fannoni, tana ba mai nema damar turawa tun farkon Satumba, amma asibitocin ba sa ganin komai sai ranar da aka buɗe musu a makon ƙarshe na watan. A shekarar 2024 ranar ta kama 25 ga Satumba, a 2025 kuma 24 ga wata. Duk wanda ya tura kafin wannan rana, tare da kowa za a gan shi, don haka babu fifikon da tura takarda a ranar farko yake bayarwa. Abin da yake bambanta mutane shi ne abin da ke cikin takardun a safiyar da aka buɗe su.

Dalilin da ya sa makin mataki na biyu ya yi nauyi haka sananne ne. Tun daga watan Janairun 2022 aka daina bayar da maki a mataki na ɗaya, sai dai a ce mutum ya ci ko ya faɗi. Asibitin da yake da gurabe kaɗan, ga kuma dubban takardu sun taru a gabansa, dole ya nemi abin da zai tace su da shi, kuma lambar da ta rage a hannunsa ita ce ta mataki na biyu. Na ga yadda ake yi a sashenmu: kafin wani babban likita ya zauna ya karanta wasiƙun shaida ko bayanin da mai nema ya rubuta game da kansa, an riga an ware takardun a kwamfuta bisa wasu ma'aunai, kuma ɗan ƙasar waje da gurbin makinsa yake fayau yakan faɗa cikin rukunin da aka ce za a duba daga baya. Gayyatar ganawa kuwa, mafi yawanta tana fita ne a cikin Oktoba zuwa farkon Nuwamba, saboda haka kafin a waiwayo wancan rukuni ranakun ganawa sun kusa cika.

Ana fitar da sakamako ran Laraba, galibi mako biyu zuwa huɗu bayan jarrabawa, amma masu shirya ta da kansu suna cewa a ba su har mako takwas. Shi ya sa na rubuta a watan Yuli. Da na so, da na kai tsakiyar Agusta, amma ban ga dalilin da zai sa in jingina aikin shekara guda a kan fatan cewa ba za a sami jinkiri ba.

Likitar yara

Ni na bi hanya ta biyu da kake tambaya a kai, Likita, ko da yake ba da son raina ba. Mahaifina ya kwanta rashin lafiya mai tsanani a damina, ni ce kuma likita a gidan, don haka jinyarsa ta koma kaina, jarrabawar da na shirya rubutawa a Yuli ta koma Oktoba. Na tura takarduna a Satumba da mataki na ɗaya kaɗai, tare da wasiƙun shaida masu kyau daga asibitocin da na yi zaman koyon aiki a Amurka. Oktoba ta shige akwatin imel ɗina shiru.

Sakamako ya fito a farkon Nuwamba, kuma alhamdu lillahi makin ya yi kyau. Akwai abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe a nan: sabon maki ba ya isa ga asibitoci da kansa. Sai mutum ya shiga ERAS ya ba da umarnin a sake tura takardar sakamakonsa, sannan ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga asibitocin da ya fi so yana sanar da su. Na yi hakan a ranar da sakamakon ya fito. Gayyata ta zo, amma 'yar kaɗan, kuma yawanci daga wuraren da wani ya janye aka sami gurbin ganawa a Disamba ko Janairu. Ban sami gurbi a wannan shekara ba. Da shekara ta zagayo na sake nema da makin nan dai, da takardar shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, a hannu tun ranar farko, gayyatar da na samu ta ninka ta bara, na kuma shiga horon kula da lafiyar yara. Makin bai canja ba, ni ma ban canja ba, sai lokacin da aka ga takarduna. Kuɗin da na kashe a shekarar farko ba ƙanana ba ne, domin ana biya ne gwargwadon yawan asibitocin da aka nema, da dala kuma, ga mai samun albashinsa da naira.

Likitan tiyata da ya koma fannin sa barci

Na yarda da duk abin da Yaya likitan ciki ya faɗa game da kalanda, amma ina tsoron kada ƙannenmu su fahimci cewa ranar ita ce komai, su shiga ɗakin jarrabawa ba su shirya ba. Dokar USMLE ita ce wanda ya ci mataki ba ya sake rubuta shi don ya ƙara maki. Tun daga Yulin 2025 makin tsallakewa ya koma 218, bayan ya kasance 214, alhali matsakaicin makin ɗaliban Amurka yana kusa da 250. Ke nan mutum yana iya cin jarrabawar da makin da zai bi shi duk shekarar da ya nema, ba kuma shi da hanyar goge shi. Wanda ya faɗi ma, faɗuwar tana nan a takardar sakamakonsa har abada, kuma sau huɗu kacal aka yarda a gwada kowane mataki. Jinkirin shekara ɗaya ana warkewa daga gare shi, kamar yadda 'yar uwarmu likitar yara ta nuna, amma ƙaramin maki ba ya da magani. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Abin da na yi shi ne na bar jarrabawar gwaji ta yanke mini hukunci. Na gama bankin tambayoyin UWorld, na shiga rubuta gwaje-gwajen NBME, ɗaya daga cikin hukumomin da ke shirya jarrabawar, a yanayi irin na ranar jarrabawa, da agogo, ba tare da duba littafi ba, kuma da safe bayan na yi barci, domin gwajin da aka yi bayan kwanan asibiti ba ya nuna gaskiyar mutum. Ana saura wata guda ranar da na zaɓa, makin gwajina yana ƙasa da abin da fannin da nake nema yake buƙata, kuma rauni na ya fi fitowa a tambayoyin ɗa'ar aikin likita, da tsaron lafiyar majiyyaci, da lissafin bincike, abubuwan da ba a zurfafa mana su a makaranta ba. Wa'adin rubutawa wata uku ne, ana kuma iya neman ƙarin wata uku sau ɗaya a biya kuɗi. Na nemi ƙarin, na haƙura da neman gurbi a wannan shekara baki ɗaya, na rubuta a Nuwamba cikin natsuwa. Watannin da suka biyo baya na yi amfani da su wajen zaman koyon aiki da neman wasiƙun shaida. Shawarata ga mai tambaya ita ce, idan Yuni ta yi gwajinka bai kai ba, kada ka zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi biyun da aka ba ka. Akwai ta uku, wato ka nufi shekara mai zuwa da cikakkun takardu.

Ɗaliba a ajin ƙarshe, makarantar likitanci a Amurka

Ina gaida yayyena. Namu yanayin ya ɗan bambanta, kuma ina ganin daga wajenmu ne shawarar a tura takardu babu sakamako ta samo asali. A da, ɗalibin nan da ya sami maki mai yawa a mataki na ɗaya yakan jinkirta na biyu da gangan har sai an gama gayyata, don kada sabon maki ya rage masa daraja. Wannan dabara ta mutu tun 2022. Yanzu kusan dukanmu muna rubutawa ne tsakanin Mayu da Yuli, da zarar mun gama zagayen sassan asibiti na shekara ta uku, lokacin da karatun yake sabo a ka, kuma kafin mu tafi zaman wata-wata a wasu asibitoci. Wani amfanin samun maki da wuri shi ne mutum ya san inda zai kai alamomin nuna sha'awa da ake ba kowane mai nema 'yan ƙalilan, maimakon ya zubar da su a asibitocin da makinsa bai kai ba.

Likitan iyali, daga Kano

Ba a taɓo batun wurin zama ba, kuma shi ne ya fi ba ni wahala. Ni a Accra na rubuta, a cibiyar Prometric, kuma kujerun Yuli da Agusta suna ƙarewa da wuri domin kowa lissafi ɗaya yake yi. Wanda ya jira sai ya ji ya shirya sannan ya nemi rana, yana iya tarar da babu kujera sai Satumba. Gara a kama rana tun da wuri, in ya so a matsar da ita, domin matsarwa da wuri ba ta da tsada kamar ta kurarren lokaci. A haɗa da neman hutu daga wurin aiki, da tikitin jirgi, da masauki kusa da cibiyar, a kuma tabbata sunan da ke fasfo ya yi daidai harafi da harafi da na takardar izinin jarrabawa, musamman mu da ake rubuta sunanmu Muhammad a nan, Mohammed a can.

Ranar kanta sa'a tara ce. Duk fitar da mutum zai yi hutu, in ya dawo sai an duba aljihunsa, ya naɗe hannun riga, a duba tabarau, ya sa hannu, kuma duk wannan daga cikin mintocin hutunsa ake cira. Na yi alwala tun a hutun da ya gabata, na yi sallar Azahar a wani lungu kusa da akwatunan ajiya, na ci dabino da ruwa a tsaye na koma. Wanda watan da ya zaɓa ya faɗo cikin azumi ya sa wannan a lissafinsa tun yanzu. Sannan a riƙa duba sanarwar USMLE kafin a tsayar da rana, domin akwai shekarun da suke sabunta tambayoyi a tsakiyar shekara, su riƙe sakamakon waɗanda suka rubuta a wasu makonni har zuwa wata ranar da suka ayyana. Abokin karatuna ya faɗa cikin irin wannan, sakamakonsa ya fito dab da buɗe takardu, kuma da a ƙarshen Agusta ya rubuta ban san yadda za ta kaya ba.

Likitar masu taɓin hankali

Don adalci, ni sakamakona ya fito ne kimanin mako biyu bayan an buɗe takardu, kuma na sami gurbi a shekarar. Sai dai asibitin da ya ɗauke ni wuri ne da na yi zaman koyon aiki, shugaban horon ya san ni, ya kuma ce in sanar da shi da zarar maki ya fito. Ban ɗauki labarina a matsayin abin da za a gina shiri a kansa ba.

Abin da nake so in ƙara shi ne mataki na biyu ba shi kaɗai yake tafiya ba. ECFMG ba ta ba da takardar shaidarta sai an ci matakai biyun, an ci jarrabawar Turanci ta OET, an kammala ɗaya daga cikin hanyoyin da ta kafa bayan an soke jarrabawar duba majiyyaci ta Step 2 CS a 2021, sannan ta tabbatar da takardar digiri kai tsaye daga makarantar da mutum ya gama. Yawancinmu da muke da cikakkiyar rajistar aiki a gida hanya ta ɗaya muke bi, wadda take buƙatar takardar shaidar kyakkyawan matsayi daga hukumar da ta ba mu lasisi. Tabbatar da digirina ya ɗauki watanni, sai da ƙanena ya riƙa zuwa ofishin makarantar da ƙafarsa, don haka a fara wannan tun ana karatu, kada a bari sai an gama jarrabawa.

Iyaka ta ƙarshe ita ce ranar rufe jerin zaɓi na NRMP, hukumar da ke rabon gurabe bisa jerin zaɓin masu nema da na asibitoci, a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Ɗan ƙasar waje da ba a tabbatar ya cika sharuɗɗan jarrabawa na ECFMG zuwa wannan rana ba, ana cire shi daga rabon gurabe, ko da ya yi ganawa goma, kuma ba zai shiga zagayen SOAP na neman guraben da suka rage a makon sakamako ba. Wanda kuma yake son bizar aiki ta H-1B maimakon bizar horo ta J-1 yana buƙatar mataki na uku, wanda ba a rubuta shi sai a Amurka, ba a kuma ba ɗan ƙasar waje izininsa sai yana da shaidar ECFMG. Ke nan duk makon da aka ƙara wa mataki na biyu, an ƙara shi ne ga shaidar ECFMG da mataki na uku, alhali ranar fara aiki, 1 ga Yuli a mafi yawan asibitoci, tana nan inda take.